Noti ɗaya yana juyawa a banza a ƙafar gaban Golf 3: a gyara ramin ko a canza hob?

Nura Ɗan Haɗeja: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawarar manya nake nema. Golf 3 nake jigila da ita tsakanin Kano da Haɗeja. Jiya na yi faci wajen Gujungu, da aka zo mayar da tayar gaba ta ɓangaren direba, noti uku suka ɗauru, na huɗun kuwa sai juyawa yake, ya ƙi kamawa. Da na zaro shi sai ga ɓarɓashin ƙarfe naɗe a jikinsa kamar gashi. Da ukun na lallaɓo gida. Wani ya ce in kai wa mai walda, wani ya ce a sa noti mai kauri, wani ya ce sai dai a canza hob ɗin gaba ɗaya, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa. Motar ba tawa ba ce, balas nake kaiwa kullum, ba na son abin da zai kwantar da ita kwana uku.

Isiya Mai Walda: Wa alaikumus salam. Kawo ta Dakata da safe. In cike ramin, a huda sabo, a yanka zare, wato haƙoran da noti ke kamawa, kafin azahar kana kan layi. Na yi wa motoci da yawa.

Oga Ɗanladi Bakanike: Nura, kafin kowa ya taɓa ta, ajiye motar. Kada ka ɗauki ko fasinja ɗaya da noti uku. Sannan ka ba ni amsar abu biyu: ɓarɓashin nan daga jikin notin ya fito ko daga ramin? Kuma in ka haska fitilar waya cikin ramin, zaren duka ya cinye ne ko na bakin kawai?

Nura Ɗan Haɗeja: Oga, notin lafiyarsa lau, haƙoransa suna nan. Ramin ne ya yi sumul, sai can ciki nake hango layi ɗaya ko biyu.

Oga Ɗanladi Bakanike: To ramin nan ya mutu. Da a ce haƙora biyun bakin ne suka kwanta, da abu ne mai sauƙi: a cire taya da faifan birki, a sa taf, ƙarfen yanka zare, mai lamba ɗaya da ramin ta baya inda zaren ke da lafiya, a bi a hankali da ɗan mai, ya miƙar da su. Amma taf ba ya haifar da ƙarfe. Abin da ya zube ya zube.

Hajiya Rabi: Ni kun ɗaure min kai. Corolla ta ta taɓa yin irin wannan, bakanike ya buge ƙusar da guduma ya sa wata, bai yi minti talatin ba. Me ya sa na Malam Nura ya zama babban aiki?

Injiniya Bashir Zariya: Hajiya, ginin ne ba ɗaya ba. A Toyota da Honda da Nissan, ƙusoshin a dase suke a jikin hob, sun leƙo waje, kai kuma ka murɗa noti a kansu. In zare ya lalace, ƙusa ɗaya ce ta lalace, a buge ta ta baya a dasa sabuwa. A Volkswagen da Mercedes da BMW da Peugeot 406 kuwa, hob ɗin ne ke da ramuka masu zare, abin da muke kira noti a wajensu ƙusa ce mai kai da ke shiga cikin ramin. In zare ya cinye a nan, jikin hob ɗin kansa ne ya ci rauni. Shi ya sa taki ta ƙare a minti talatin, tasa kuma ga mu nan muna ta magana.

Isiya Mai Walda: Injiniya, ku fa kuna son wahalar da talaka. Ƙarfe ne, wuta ta san shi.

Injiniya Bashir Zariya: Malam Isiya, wuta ta san shi, shi ne ma abin tsoron. Me ke bayan hob ɗin nan, bai fi tsawon yatsa ba? Boris, wanda hob ke juyawa a cikinsa. Zafin walda zai bi ƙarfe ya narkar da giris ɗin ciki, ya ƙona robar da ke tare shi, bayan 'yan makonni motar ta fara gurnani. Na biyu, fuskar hob a miƙe take saboda faifan birki a kanta yake kwanciya. Ka zafafa gefe ɗaya, in ya huce sai ya ɗan janye, ido ba zai gani ba, amma direba zai ji sitiyari na rawa duk sanda ya taka birki. Na uku, wurin da aka yi waldar yakan yi tauri ya yi gautsi. Taf na iya karyewa a ciki, in ma ya yanka, zaren ba shi da juriyar na asali.

Isiya Mai Walda: Duk waɗanda na yi wa babu wanda ya dawo.

Sagir Kwandasta: Baba Isiya, wanda tayarsa ta fita a hanyar Haɗeja ai ba wajenka zai dawo ba.

Isiya Mai Walda: Kai yaro, kiyaye ni.

Shugaban Zaure: A yi raha amma a girmama manya. Malam Isiya ya faɗi abin da ya saba yi, an ba shi amsa da hujja. A ci gaba.

Alhaji Mudi Ƙofar Ruwa: Ni kayan nake sayarwa, ba na gyara, amma bari in tambaya. Akwai wata waya mai kamar sifirin da ake kira Helicoil, wasu masu Mercedes suna zuwa nemanta. Ba za ta yi a nan ba?

Injiniya Bashir Zariya: Alhaji, tambaya ce mai kyau, kuma a nan ne ni kaina nake da ra'ayi biyu. Yadda take aiki: a faɗaɗa ramin kaɗan da diril, a yanka sabon zare da taf ɗinta na musamman wanda ya fi na asali faɗi, a murɗa wayar ciki, a karya ɗan harshen da ke ƙasanta. Cikin wayar sai ya koma daidai lambar notin farko. Na Golf 3 mai rami huɗu M12 ne, wato kaurin milimita 12, tazarar haƙora milimita 1.5, ana ɗaure shi a kan 110 Nm, awon ƙarfin ɗauri ke nan. In an yi aikin da kyau, wayar tana iya riƙe wannan ɗaurin, ba wasa ba ce. A kan injin almuniyam, ramin fulogi ko na ƙusar bakin mai, ni ma ita nake sawa ban damu ba. Matsalata da ita a ƙafar mota guda biyu ce. Naman hob siriri ne, bai fi kaurin yatsa ba, ramin kuma a buɗe yake ta baya, babu abin da zai tokare wayar. Sannan notin taya ba irin wanda ake ɗaurewa a manta ba ne. Motar haya tana iya ganin mai faci sau biyu a mako. Wata rana wayar za ta biyo notin ta fito, ko ta zurma ciki, kuma wanda ke riƙe da sifana a bakin titi bai ma san akwai ta ba.

Oga Ɗanladi Bakanike: Ka bar na uku, Injiniya, wanda ya fi su duka. Wa zai huda? In yaro ne zai durƙusa da diril ɗin hannu motar na kan jak, wallahi ramin sai ya karkace. Ku dubi wuyan notin Golf, a kumbure yake kamar rabin ƙwallo, yana zama cikin gurbinsa a jikin wili. In ramin ya karkace ko da kaɗan, gefe ɗaya na wuyan ne zai taɓa, ɗaya gefen yana iska. Za ka ji ya ɗauru a hannu, amma a tanƙware yake, kowane juyin taya yana lanƙwasa shi har ranar da zai karye. In dai za a yi wannan aikin, sai an cire hob an ɗora shi a kan injin huda na tsaye. To in har ka cire hob, ka riga ka yi aikin da kake gudu. Me ya rage? Sa wani.

Injiniya Bashir Zariya: Na yarda. Akwai wani irin da ba waya ba, bututun ƙarfe ne mai zare ciki da waje, Time-Sert, yana kulle kansa a ramin, ya fi wayar dacewa da wurin da ake yawan kwancewa. Amma shi ma sai an miƙe ramin, kuma kuɗin kayan aikinsa ya isa ya sa mutum ya tuna da Alhaji Mudi.

Alhaji Mudi Ƙofar Ruwa: Ai ƙofa a buɗe take.

Musa Panteka: Ni a Kaduna abin da na ga ana yi, a sa diril 12.5, a yanka zaren M14, a sa notin Golf 4. Ya fi na da kauri ma, ina laifi?

Oga Ɗanladi Bakanike: Musa, lissafin diril ɗinka daidai ne, amma bi shi zuwa ƙarshe. Notin zai ratsa ramin wili da na faifan birki kafin ya kai hob, in bai wuce ba sai an ƙwaƙule su su ma. An ƙwaƙule wili ɗaya, saura safaya. Ranar da aka yi faci da dare, safaya ta ƙi karɓar notin, ko yaro ya ɗauki mai kaurin ya tura a ƙaramin rami, ko ya sa siririn a babban rami ya ji kamar ya kama. Ka gyara rami ɗaya ka haƙa wa na bayanka tarko.

Isuhu Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Nan wajenmu na ga an huda ramukan duka huɗu an dasa ƙusoshin Toyota ta baya, mota ta koma mai noti irin na Japan. Mai ita ya ce ya huta.

Injiniya Bashir Zariya: Malam Isuhu, ana yi, kuma in gwani ya yi a kan inji ya fi walda nesa ba kusa ba. Amma akwai sharuɗɗa. Gindin ƙusar yana da ƙananan haƙora da ke cizon ramin, dole ramin ya ɗan fi su matsewa, in ya yi faɗi ƙusar za ta riƙa juyawa tare da noti, ka rasa yadda za ka cire taya. Dole bayan hob ya zama shimfiɗaɗɗe inda kan ƙusar zai zauna. Sannan notin da za a sa dole wuyansa ya dace da wilin Golf. Na Toyota ko dai mai tsini ne ko mai shimfiɗaɗɗen wuya, gurbin Golf kuwa zagayayye ne. Mutane suna kallon zare su manta da wuya, alhali wuyan ne ke riƙe da wili.

Hajiya Rabi: To wai tsakani da Allah, noti uku cikin huɗu ba za su riƙe ba? Na sha ganin motocin haya a haka.

Injiniya Bashir Zariya: Suna riƙewa har ranar da ba su riƙe ba, Hajiya. Mutane suna zaton notin ne ke ɗauke da nauyin mota kamar turaku. A'a. Aikinsu su matse wili da hob har su zama kamar abu ɗaya, matsewar ce ke ɗaukar nauyi. In ɗaya ya tafi, kashi ɗaya cikin huɗu na matsewar ya tafi, kuma daga gefe ɗaya. Wili ya fara motsin da ido ba ya gani, ragowar ukun su fara saki. Ga lodi, ga ramukan titi, ga zafin birki.

Sagir Kwandasta: Ni na gani da idona. Muna dawowa daga kasuwa da buhuna har kan rufi, sai na hango taya tana gudu a gabanmu ta nufi gona. Har na buɗe baki zan yi wa mai ita dariya, sai motarmu ta durƙusa. Allah ya sa direba bai taka birki da ƙarfi ba. Tun kwana biyu kafin nan muke jin ƙas-ƙas in an sha kwana, muka ce shaf ne.

Garba Mai Faci: Na yi shiru ina karantawa, na san ƙarshenta a kanmu za a sauke. Duk abin da ya lalace a ƙafar mota, mai faci ne. Amma ku direbobi ku faɗi gaskiya, wane ne cikinku ke yarda ya tafi in bai ga na hau kan wilsifana da ƙafa ba? In na ɗaure da hannu sai ku ce Malam ƙara dai, nisa za ni.

Nura Ɗan Haɗeja: Wannan kam gaskiya ne Malam Garba, ni ma ina faɗa.

Injiniya Bashir Zariya: To bari mu auna hawan nan. 110 Nm kamar ka rataya kilo 11 ne a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya. Wilsifana mai tsawon santimita 40, kilo 28 kacal take buƙata, ƙarfin hannun babban mutum ya isa. Mai kilo 70 in ya tsaya a ƙarshenta ya ba da wajen 275, ninki biyu da rabi ke nan, tun bai yi tsalle ba. In ya zura bututu mai mita ɗaya ya hau, ya doshi 700. Zaren da aka yi don 110 ne ake yi wa haka, wata bayan wata. Ba ranar yake cinyewa ba, yana miƙewa ne a hankali, sai ranar da ya ƙare a hannun wanda tsautsayi ya faɗa wa. Kuma masu shafa baƙin mai ko giris a zaren suna ƙara ta'azzara abin, don awon na busasshen zare ne, in da santsi notin yana shigewa fiye da kima da ƙarfi iri ɗaya.

Garba Mai Faci: Bututun kwancewa muke ajiye shi, don wani notin in ya zo daga hannun masu bindigar iska ko jaki ba zai motsa shi ba.

Oga Ɗanladi Bakanike: Kwancewa da bututu babu laifi. Ka tuna min da wani yarona da ya kusa karya ƙusar Canter, yana ta hawa yana cewa ta ƙi. Bai san na ɓangaren hagu a irin waɗannan manyan motocin zarensu na hagu ba ne, ga harafin L a rubuce a kai. Duk ƙarfinsa ɗaurewa yake. Amma mu koma kan Nura. Akwai abin da ke damuna tun ɗazu: ka ce notin lafiyarsa lau. Ɗauko shi, ka ciro ɗaya daga ƙafar baya, ka haɗa su ciki da ciki, haƙora cikin haƙora, ka ɗaga su saitin haske. Gaya min abin da ka gani.

Nura Ɗan Haɗeja: Oga, ikon Allah. Ba sa shiga juna. Biyun farko sun zauna, daga nan sai haske ya riƙa ratsawa. Na wanda ya lalata ramin haƙoransa sun fi ƙanƙanta, wuyansa ma ba iri ɗaya ba ne.

Oga Ɗanladi Bakanike: Na zata. Notin Peugeot ne ko danginsa.

Injiniya Bashir Zariya: Shi ne. Na 406 shi ma M12 ne, kaurinsu ɗaya, shi ya sa ido ke ruɗuwa, amma tazarar haƙoransa 1.25 ce. Ka sa ruler: a tsawon milimita 15 za ka ƙirga haƙora 10 a na Golf, 12 a na Peugeot. Yana shiga zagaye biyu ko uku lafiya, sai ya cije. Mai hankali ya tsaya a nan. Wanda ke sauri ya ɗauko sifana, notin ya yanka wa kansa sabuwar hanya a kan tsohuwa, ramin ya tashi ba na wannan ba, ba na wancan ba. Da yake an daɗe ana harhaɗa 406 a Kaduna, notinta ya cika kowane gwangwanin gareji a Arewa.

Nura Ɗan Haɗeja: Yanzu na tuna. Watanni baya noti ɗaya ya ɓace, na tsaya wani gareji aka laluba gwangwani aka ba ni wannan. Ya yi tauri wajen shiga, muka ce sabo ne shi ya sa.

Garba Mai Faci: Alhamdu lillahi. A rubuta a ajiye, yau ɗaya ba mai faci ba ne.

Sagir Kwandasta: Amma kai ka hau kansa, Malam Garba.

Garba Mai Faci: Ni ina Kurna, aka yi a Gujungu.

Oga Ɗanladi Bakanike: Nura, ga abin da zan yi in motata ce. Da ƙafar baya ce mai ganga, da ka huta, don a Golf 3 ramukan a jikin gangar birkin suke, a canza ganga a sa boris shi ke nan. A gaba hanya biyu ce. Ko ka sayi hob da sabon boris, don in aka fitar da hob boris ɗin ba ya komawa, zobensa na ciki yakan biyo hob ɗin ya fito. A kai wajen mai injin matsawa, kada a yarda a sa da guduma. Ko ka sayi ƙafar gaba ɗaya 'yar Beljiyam, da hob da boris a jikinta, a kwance tsohuwa a ɗaura wannan, aikin rabin yini. In wannan za ka yi, tafi da notinka na asali, ka murɗa shi da yatsu a ramuka huɗun duka tun a shago, ka juya hob ɗin kusa da kunnenka ka ji ko yana ƙara.

Alhaji Mudi Ƙofar Ruwa: Ya kuma zo da tsohuwar a hannu a gwada. Akwai mai birkin ABS akwai marar shi, na Golf 3 samfurin GTI da VR6 kuma rami biyar ne. Kullum sai an dawo mana da kaya saboda wannan.

Oga Ɗanladi Bakanike: Haka ne. Kuma ƙusoshi biyun da suka haɗa ƙafar da shokozoba su ne ke riƙe da saitin tsayuwar taya, in an kwance su sai an koma saiti, in ba haka ba taya ta cinye gefe ɗaya. Babban notin shaf a sa sabo, kuma kada a tura motar ko taku ɗaya kafin a ɗaure shi, boris ɗin zai lalace tun bai fara aiki ba. Notin taya kuwa ka sayi huɗu iri ɗaya, ka ƙirga zagayen da kowanne ke yi da yatsu kafin ya taɓa wili, kada ya gaza shida da rabi. A ɗaure a gicciye, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, ka yi tafiyar kamar kilomita 50 ka tsaya ka sake bi.

Musa Panteka: Ni dai har yanzu ina ganin in rami ɗaya ne a motar gida da ba ta lodi, bututun nan da Injiniya ya faɗa ya wadatar.

Injiniya Bashir Zariya: In hob ɗin mai wuyar samu ne, an yi a kan inji, mai motar kuma ya san da shi, ba zan yi musu da kai ba. Na Golf 3 da ke zube a kowace kasuwa, ga fasinja a ciki, ban ga dalili ba.

Isiya Mai Walda: Ku dai kun hana ni cinikin safe.

Nura Ɗan Haɗeja: Jama'a na dawo da bayani. Na nuna wa mai motar hoton notin biyu a haɗe, ya yarda a raba kuɗin, ya kuma yafe min balas na yini ɗaya. Mun sa 'yar Beljiyam, an yi saiti. Ta farkon da aka miƙo min a kasuwa, rami ɗaya notin ya cije a zagaye na uku, na mayar aka ba ni wata. Da muka bi sauran ƙafafun kuma sai ga wani notin Peugeot ɗin a baya ta dama. Shi ramin bai gama mutuwa ba tukuna, Oga Ɗanladi ya ce in kawo gangar ya gani kafin a yanke hukunci.

Oga Ɗanladi Bakanike: Ka zo bayan la'asar, kuma ka taho da gwangwanin notin da ke but ɗinka mu zazzage shi.

Hajiya Rabi: Injiniya, na Corolla nawa ne awonsa? Gobe zan canza taya, ina son in tsaya a kansu.

Injiniya Bashir Zariya: 103, Hajiya. In ba su da sifanar awo, ki ce da hannu kawai, kuma kowane noti ya fara shiga da yatsu.

Garba Mai Faci: Kuma in an gama kada ki ce a ƙara.